Kafin Ku Ajiye Aikin Fassara

'Ya'yana masu fassara da tafinta na Arras da Ajame a Abijan, maganar da kuke yi a tsakaninku tana iso mu. Wasu sun ce sun gaji, za su bar sana'ar. Wasu suna nan, amma zuciyarsu ta riga ta yi gaba. Ban ga laifinku ba. Wanda kamfani ya turo wa shafuffukan da na'ura ta fassara, aka ce gyara kawai zai yi, ya kwana yana warware jimlolin da ba kai ba gindi, sannan aka biya shi ƙasa da kuɗin fassara bayan wata biyu ko uku, dole ya zauna ya yi lissafin rayuwarsa. Mai gidan haya ba ya jiran kamfani.

Kuma abin ba a kanku kaɗai ya faɗo ba. Google Translate ya sa Hausa cikin harsunansa a Disambar 2013, ChatGPT ya fito a Nuwambar 2022, daga nan kasuwa ta juya. A Birtaniya, ƙungiyar marubuta ta Society of Authors ta tambayi mambobinta a 2024, sama da kashi ɗaya bisa uku na masu fassarar da suka amsa suka ce sun rasa aiki saboda waɗannan na'urori. Don haka kada wanda ya ɗauka rashin iyawarsa ne, ko wani ne ya yi masa baki.

Abin da nake so ku duba shi ne wane ɓangaren aikin ne ke mutuwa, domin ba yau sana'ar nan ta fara sauya kama ba. A zamanin Turawa tafinta babban mutum ne, tsakanin kwamanda da talakawa babu mai wucewa sai ta bakinsa. Amadu Hampate Ba, wanda ya rasu a nan Abijan a 1991, ya rubuta littafi guda a kan irin wannan tafinta, Wangirin, aka buga shi a 1973. Da makarantu suka yawaita, wannan iko ya tafi. Mu kuma mun tarar da masu rubuta wasiƙa a bakin gidan waya, da ɗan tebur da biro, ɗan ci-rani ya tsuguna yana faɗa ana rubutawa zuwa Tawa ko Maradi. Kaset ya rage musu ciniki, wayar hannu ta ƙarasa shi. Waɗanda suka tsaya a kan wasiƙa kawai sun watse. Waɗanda suka gane cewa mutane na zuwa ne don suna neman wanda za su ba amanar sirrinsu, sai suka koma cike takardu da raka mutane ofisoshi, musamman a shekarun da aka wajabta wa baƙi katin zama, daga farkon shekarun 1990 har aka ɗauke wa 'yan Afirka ta Yamma shi a 2007.

To, yau ma haka ne. Fassarar da ake biya da ƙirgen kalmomi, wadda mai ita ba ya damuwa da kyanta, na'ura ta karɓe ta kuma ba za ta dawo ba. Amma ku je babban asibitin Tireshbil ku tsaya kusa da tsohuwar da ɗanta ya ɗauko daga ƙauye. Likita yana bayani da Faransanci: wannan ƙwaya kafin abinci, waccan da dare, kada a haɗa da jiƙo. Tana gyaɗa kai. Tafintan kirki ya san wannan gyaɗa kan na kunya ne, ba ta gane ba. Sai ya ce, "Inna, maimaita mini yadda za ki sha." A nan ne zai ji ta juya su, ya roƙi likita ya sake, ya ɗaura zare a kwalin dare don ta bambance. Wayar da ke aljihun ɗanta tana iya fassara maganar likita, amma ba ta kallon fuskar tsohuwa.

Haka yake a kotun Filato, inda jimla ɗaya ke iya ƙara wa mutum shekaru a kurkuku, kuma dole wani ya rantse ya ɗauki alhakin abin da ya faɗa. Haka yake ga ɗan kasuwar da ya kawo albasar Galmi, ko mai fitar da kaya daga tashar jiragen ruwa, wanda aka miƙa wa yarjejeniya da Faransanci ya sa hannu. Shi mutumin da zai zo ya kama gobe idan magana ta canza yake nema. Ku da kuka tashi a nan kuna da Hausa, da Faransanci, da Jula, wasunku har da Ingilishi saboda zirga-zirgar Gana da Najeriya. Masu wannan haɗin ba su da yawa, ku daina ganin sa kamar ba komai ba.

Wanda zai zauna, ya zauna da shiri. Ya zaɓi fanni ɗaya, lafiya ko shari'a ko kwastan, ya san shi ciki da waje har a riƙa kiran sunansa idan an zo wurin. Ya bi hanyar da za ta sa kotu ta amince da shi ya yi rantsuwa, domin takardar da ke buƙatar hatimi tana nan. Mai son manyan taruka ya sani Bankin Raya Afirka ya dawo hedkwatarsa ta Abijan a 2014, kuma da Ingilishi da Faransanci yake aiki, sai dai wannan ƙofa tana son karatu na musamman, iya magana kaɗai ba ya buɗe ta. Ku yi aiki da na'ura inda take rage muku wahala, amma takardar asibitin mutum ko ta gadonsa kada ku zuba ta a intanet ba da saninsa ba. Amana ce.

Akwai abin da ke damuna fiye da na'ura, wato yadda kuke karya wa juna farashi. Wannan ya ce jaka goma, wancan ya bi ta baya ya ce biyar, gobe mai aikin ya ce uku. Ku zauna bayan sallar Juma'a ku tsayar da ƙasan farashi, ku riƙa karɓar rabin kuɗi kafin ku fara, ku rubuta sharaɗi ko da a saƙon waya ne. Kuma babu abin kunya ga mai fassara ya riƙe ɗan shago a Ajame ko ya koyar da yara da yamma. Malamanmu na zaure da yawa da ɗinkin hula suka riƙe gidajensu.

Wanda kuma ya auna ya ga tafiya ce alheri gare shi, ya tafi, babu mai cewa ya gaza. Roƙona kawai kada ya yanke shawarar a daren da aka ɓata masa rai. Ya duba abin da ya samu a shekara guda, ya yi shawara da iyalinsa, ya yi istihara. Idan ya tabbata, ya gama aikin da ke hannunsa, ya mayar wa mutane takardunsu, ya haɗa abokan hulɗarsa da wani ƙanensa a sana'ar.

Ku kuma 'ya'yana mata, ku ne na fi roƙo ku ƙara haƙuri. A ɗakin awon ciki da na haihuwa akwai matanmu da ba za su taɓa faɗa wa tafinta namiji abin da ke damunsu ba, sai su yi shiru su koma gida da ciwonsu. Waɗanda suka iya wannan aiki a cikinku kaɗan ne, kuma kowace ta tafi sai an daɗe kafin a sami madadinta. Idan kuɗin ne bai isa ba, ku kawo maganar gaban shugabannin al'umma da manyan 'yan kasuwarmu, mu ga abin da za a riƙa warewa duk wata don wadda ke raka marasa lafiya.