Yadda Na Ke Koyar da Ilmin Zaman Halittu a Fadaman Mada

Cikin darussan kimiyya da a ke ba mu mu koyar akwai wani sashe da Turawa ke kira ikoloji. Wani Bajamushe, Ernst Haeckel, shi ya ƙaga sunan a 1866, daga wata kalmar Girkanci mai ma'anar gida. To, kun ga abin ba shi da wuya. Ilmi ne na sanin yadda halittu su ke zaune gida ɗaya, watau wa ke cin wa, wa ke fakewa a inuwar wa, wa kuma zai wahala in an kawar da wani. Ni a ganina ba a koyar da shi da alli da allo kaɗai. Na sha ganin yaro ya haddace ciyawa, barewa, zaki, ya ci jarrabawa sarai, amma in ka tambaye shi inda sauron da ya cije shi jiya ya fito, sai ya yi zuru.

Malamai da yawa in aka ce a fita da yara, sai hankalinsu ya tafi Yankari. Ba laifi. An keɓe dajin a 1956, aka buɗe shi ga masu ziyara a 1962, kuma yaron da ya ga giwa da idonsa, ya yi wanka a ruwan Wikki, ba zai manta ba. Amma daga Bauchi tafiyar ta fi kilomita 100, ga kuɗin mota, ga shi yini ɗaya ne tak. Wannan ilmi kuwa sai an yi ta komawa wuri guda, rani da damina, a ga abin da ya sake. Don haka ni na kan fara da unguwar da yaran su ke, watau Fadaman Mada.

Sunan unguwar shi ne darasi na fari. Na kan tambayi aji, "An ce fadama, to, ina fadamar?" Sai in sa kowa ya tambayi tsofaffin gidansu abin da su ka taras a wurin kafin gidaje su cika shi. Sa'an nan mu ɗebo ƙasa daga kwari, mu ɗebo daga tudu, mu zuba kowace cikin kwalba da ruwa, mu girgiza, mu ajiye. Yashi ya kan kwanta nan da nan, laka kuwa sai ta kwana ba ta gama sauka ba. Daga nan yara ke gane dalilin da ƙasar fadama ta ke riƙe ruwa, ta tudu ta shanye. Bauchi ta kan sami ruwan sama wajen milimita 1,000 a shekara, watau kamar inci 40, mafi yawa a Yuli da Agusta. Ruwan nan bai san an yanka filaye an sayar ba. Inda ya saba kwanciya nan zai nema, ko da an yi ɗaki a wurin. Muna da gwangwani mai miƙaƙƙen baki a filin makaranta, yaro ɗaya ke auna abin da ya taru ciki da rula kowace safiya, ya rubuta, ya zubar.

Aikin da na fi so, wanda kuma ya fi amfani, shi ne na sauro. Bayan an yi ruwa da kwana uku ko huɗu, a raba aji ƙungiya ƙungiya, kowace da ludayi da kwalba mai faɗin baki. Waɗansu su ɗebo ruwan kwata, waɗansu na tsohuwar taya ko gwangwani, waɗansu na ɗan gurbin da rana ke bugu, irin sawun shanu ko ramin da aka haƙi ƙasar gini. A rufe bakin kowace kwalba da yankin tsohon gidan sauro, a ɗaure tam. Yanzu fa sai a duba da kyau. Tsutsar da ta rataya kanta ƙasa, wutsiya sama, ta sauron kwata ce, mai kuka a kunne ya hana barci. Wadda ta kwanta miƙe a fuskar ruwa kamar tsinke, ita ce ta Anofilis, mai kawo zazzaɓi, wanda Ronald Ross ya gano ƙwayar cutar cikin cikinsa a Indiya a 1897. Abin da ya kan ba yara mamaki, har da waɗansu malamai, shi ne wannan mugun ya fi son ruwan sama mai ɗan haske bisa ga ƙazamin ruwa. Cikin mako ɗaya zuwa biyu za su ga tsutsa ta dunƙule, ta fashe, sauro ya fito ya tsaya a kan ruwa yana shanya fiffike. In an gama kallo a kashe shi, kada a sake shi.

Sa'an nan a kawo kwalba ta ƙarshe daga babban kududdufi wanda ba ya ƙafewa da wuri. Sau da yawa tsutsa kaɗan a ke samu a ciki. Me ya sa? Don akwai ƙananan kifi da 'ya'yan mazari masu cinye ta, gwangwani kuwa ba mai gadi. Yaron da ya gane wannan da kansa ya san ikoloji, kuma in ya koma gida shi zai kife tayar da ke bayan ɗaki ba a sa shi ba.

Amma a yi hattara. Kada malami ya bar yaro ya sa ƙafa ko hannu cikin kududdufi. Ƙananan katantanwa na ruwa su ke renon tsutsar tsargiya. Mai cutar ya yi fitsari a ruwa, tsutsa ta shiga katantanwa, ta fito ta huda fatar mai wanka. Wannan ma darasi ne, a koyar da shi daga bakin gaɓa, da ludayi mai dogon hannu.

In rani ya yi sai mu koma kan itatuwa. Kowace ƙungiya ta zaɓi itace ɗaya ta riƙa ziyartarsa ran Litinin. Masu gawo su kan dawo da labarin cewa ya yi ganye sa'ad da sauran su ka kaɗe, da damina kuwa ya tsaya tsirara, shi ya sa gero ke yin kyau a gindinsa. Masu ɗorawa na kan ce su roƙi wani babba ya raka su da magariba wajen Fabrairu ko Maris, su ga jemagu suna shan ruwan jan furen nan, suna kwasar garinsa daga wannan zuwa wancan. Ashe jemagen da su ke harbi da danƙo yana da hannu cikin kalwa, kalwa kuwa ita ce daddawar miya.

Duk abin da aka gani a rubuta cikin littafi ɗaya babba, da kwanan wata: ranar da shamuwa ta fara sauka, ranar ruwan fari, daren da kwaɗi su ka soma kuka, ranar da shinge ya fito. Wani limamin coci a Ingila, Gilbert White, haka ya yi ta yi a ƙauyensu Selborne, littafinsa ya fito a 1789, har yau ana bugawa. Namu littafin ajin bana ya kan miƙa wa na baɗi.

Ku da za ku fita koyon aikin malanta wannan zango, ku nemi iznin hedimasta tukuna, ku gai da mai unguwa ku gaya masa abin da ya kawo ku, don kada a ga yara da kwalabe a bakin kwata a yi zaton wani abu. Kada ƙungiya ta wuce yara 10, kowa da takalmi, kuma talibambam ɗin da aka kamo a mai da shi ruwansa kafin a tashi.