Motar da ba ta yawan tafiya: yaushe za a yi mata juye?

A unguwannin Harobanda, kamar Lamorde, Karaje, Kirkisoye, Nogare da Sagiya, akwai gidaje da dama masu motar da ba ta fita kullum. Wata ta dattijo ce da ya bar aikin gwamnati. Wata ta ƙungiyar masu lambu ce, ba a tada ta sai ranar kai kaya kasuwa. Wata kuwa ɗan gidan ne ya sayo, ya koma ci-rani, ya bar ta ƙarƙashin rumfa. Irin wannan mota ita ce ake nema da tsakar dare, idan mace tana naƙuda ko yaro ya suma, a ruga da shi asibitin Lamorde. A wannan dare ba a son inji ya ƙi tashi.

Masu waɗannan motoci sukan ce: "Motata ba ta je ko'ina ba, don me zan canza mata mai?" Tambaya ce mai ma'ana, domin man inji kuɗi ne. Amma amsarta ita ce: man inji yana tsufa ta hanya biyu. Tafiya tana tsufar da shi, zama ma yana tsufar da shi.

Aikin man inji

A cikin inji akwai ƙarafa masu gogar juna da sauri ƙwarai. Man inji yana shiga tsakaninsu domin kada su ci juna. Yana rage zafi, yana kwashe dauɗa ya kai ta matatar mai, wadda makanikai ke kira filta, yana kuma hana tsatsa. Masu yin man suna zuba masa wasu magunguna da ke taimaka masa ga wannan aiki. Magungunan nan suna ƙarewa sannu a hankali. Zubar da tsohon mai a sa sabo shi ake kira juye. A garejojin Yamai za ku ji ana cewa bidanji.

Abin da zama yake yi wa mai

Babban abokin gabar man motar da ke zaune shi ne ruwa. Mutane da yawa ba su san cewa inji da kansa yana haifar da ruwa ba. Idan lita ɗaya ta fetur ta ƙone, takan fitar da ruwa kusan lita ɗaya, amma a matsayin tururi. Yawancinsa yana fita ta salansa. Shi ya sa muke ganin ruwa yana ɗiga daga salansa da sanyin safiya. Kaɗan daga cikin tururin nan yana sulalewa ƙasa, ya sadu da ƙarfe mai sanyi, ya koma ruwa, ya gauraya da mai. Ɗan fetur da bai ƙone ba shi ma yana bin wannan hanya, ya tsinka man.

Idan mota ta yi tafiya mai nisa, man yakan yi zafi sosai, ruwan da fetur ɗin su ƙafe su fita. Idan tafiyar gajeriya ce, suna nan ciki. Gobe a ƙara, jibi a ƙara. Ruwan ya haɗu da dauɗar hayaƙi, ya zama tsami mai cin ƙarfe. Man kuma ya soma yin kauri kamar taɓo, ya toshe ƙananan hanyoyin da yake bi.

Mu dubi halinmu a nan. Ma'anar Harobanda da Zabarmanci ita ce bayan kogi. Tun da aka buɗe gadar Kennedy a 1970, tafiyar mutumin Harobanda mafi yawa ita ce ƙetare kogin Isa zuwa cikin gari. An ƙara gada ta biyu a 2011, da ta uku a 2021, amma tafiyar ba ta ƙara tsawo ba. Daga bakin gada zuwa Babbar Kasuwa kilomita kaɗan ne, ga cunkoso, ga tsayawa da tashi. Kafin man ya yi zafin da ake bukata, an isa, an kashe inji. Masu ƙera motoci suna lissafa irin wannan tafiya cikin aiki mai wahala ga inji, ko da yake mai motar yana ganin hutu ya ba ta.

Akwai wata al'ada da muke so mu yi magana a kanta. Wasu sukan tada mota kowace safiya, su bar ta tana ruri minti biyar, su kashe, wai don kada ta lalace. Niyyar mai kyau ce, amma aikin yana ƙara ɓarna. Minti biyar ya isa a haifi ruwa, bai isa a ƙafar da shi ba. Gara a fitar da motar sau ɗaya a mako, ko a mako biyu, a yi tafiyar minti 20 zuwa 30 ba tsayawa, misali a kan hanyar Sayi. Wannan yana amfanar mai, yana cika batir, yana kuma hana tayoyi lalacewa wuri ɗaya. Kada a taɓa barin inji yana aiki a cikin ɗaki ko gareji rufaffe. Hayaƙinsa yana da guba marar wari, yana kashe mutum cikin barci.

To, yaushe ne lokacin juye?

Littafin kowace mota yana ba da ma'auni biyu: kilomita da watanni. Wanda ya riga cika, shi ake bi. Mai motar haya yana bin kilomita, domin su ne ke riga cika masa. Mai motar zaune kuwa watanni ne nasa.

Ga lissafi. A ce motarka tana yin kilomita 40 a mako. Shekara tana da mako 52. Idan muka ninka 40 sau 52, mun sami kilomita 2,080 a shekara. Makaniki ya ce ka dawo bayan kilomita 5,000. Idan ka jira su cika, man zai yi kusan shekara biyu da wata biyar a cikin inji. Wannan ya yi yawa ƙwarai.

Yawancin masu ƙera motoci ba su yarda mai ya wuce wata 12 a cikin inji ba, ko da motar ba ta yi nisa ba. Inda akwai ƙura da zafi da gajerun tafiye-tafiye, da yawansu suna rage shi zuwa wata 6, ko kilomita 5,000. Duk ukun nan muna da su. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu ce. A Afrilu da Mayu zafin Yamai yakan wuce digiri 40. Da damina kuma ga laima, musamman a gidajen da ke kusa da kogi da gonakin shinkafa.

Yawancin motocinmu an riga an yi amfani da su a Turai kafin su iso nan. Littafin da ya zo da su yana iya cewa kilomita 15,000, ko fiye. An rubuta wannan domin hanyoyin can marasa ƙura, da mai irin na can, da inji sabo. Kada mu ɗauke shi yadda yake.

A ganinmu, tsohuwar mota da ke yin gajerun tafiye-tafiye a yi mata juye sau biyu a shekara. Na farko a Oktoba, bayan ɗaukewar ruwa. Na biyu a Maris ko Afrilu, bayan ƙura ta lafa, kafin zafin bazara ya tsananta. Wanda ba shi da ƙarfin biyu, kada ya bar shekara ta cika bai yi ɗaya ba. Kuɗin lita huɗu ko biyar na mai ba a kwatanta shi da kuɗin sauke inji. Duk lokacin juye a canza filta, domin tsohuwar tana riƙe da dauɗa da ragowar tsohon mai. A duba matatar iska kuma, ita ce ƙofar da ƙura ke bi.

Idan za a ajiye mota watanni da yawa, a yi juyen kafin a ajiye ta. Bai kamata ƙarfe ya yi wata shida yana jiƙe cikin mai mai tsami ba.

Karatun da muka koya yana da aiki a nan. Mu sami ɗan kati, mu rubuta ranar juye, da lambar da agogon kilomita ya nuna, da irin man da aka sa. Mu ajiye shi tare da takardun mota. A jikin galan za mu ga lambobi kamar 15W-40 ko 20W-50. Suna nuna kaurin man. Mu karanta su da kanmu, mu sayi wanda littafin motar ko amintaccen makaniki ya faɗa. Mu nemi galan mai hatimi, a buɗe shi gabanmu. Man da ake sayarwa cikin kwalabe a bakin hanya ba a san asalinsa ba, kuma araha ba ta ado.

Yadda ake duba mai

A tsayar da mota wuri mai daidai, inji a kashe kuma ya huce. A zaro sandar awo, a goge ta da tsumma mai tsabta, a mayar, a sake zarowa. Man ya tsaya tsakanin alamomi biyu da ke jikinta. Launi kaɗai ba shaida ba ne. Man injin gazuwal yakan yi baƙi bayan kwana kaɗan, alhali da sauran ƙarfinsa. Man motar zaune kuma yana iya yin haske, alhali ruwa ya riga ya shige shi. Alamun da za a ji tsoro su ne warin fetur mai ƙarfi, ko man ya ƙaru da kansa ba wanda ya ƙara, ko ya yi fari-fari kamar shayi da madara. Wanda ya ga haka ya kira makaniki kafin ya yi tafiya.

Mutanen Harobanda ba su manta ambaliyar 2012 da ta 2020 ba, lokacin da ruwa ya mamaye unguwanni da yawa na wannan ɓangare. Motar da ruwa ya sha kanta, kada a gwada tada ta, ko sau ɗaya. Ruwa ba ya matsuwa kamar iska. Idan yana cikin inji aka murɗa makulli, ƙarafan ciki suna iya lanƙwashewa nan take. A ja ta zuwa gareji, a zubar da man, a fitar da ruwan tukuna.

Injin ban ruwa

Abin da muka faɗa ya shafi injin ban ruwa na masu lambu, domin shi ma yakan yi watanni yana zaune. Shi ba ya da agogon kilomita, awoyin aikinsa ake ƙirgawa. Ga ƙananan injunan fetur irin na Honda, ana canza mai bayan awa 20 na farko idan injin sabo ne. Daga nan sai kowace awa 100, ko wata 6. Wanda ke ban ruwa awa 4 kowace rana, awa 100 ta cika masa cikin kwana 25. Man da injin ke sha bai kai lita ɗaya ba. Amma idan ya tsaya a tsakiyar rani, salati da kabeji ba su jiran makaniki. Kafin a ajiye shi da damina, a yi masa juye, a juye fetur ɗin da ya rage, a ɗaga shi daga ƙasa, a rufe shi.

Baƙin mai da lafiyarmu

Man da aka juye yana ɗauke da garin ƙarfe da dauɗar hayaƙi masu guba. Masana sun tabbatar cewa yawan taɓa shi da daɗewarsa a jiki suna iya jawo ciwon fata, har da ciwon daji. Wanda ya taɓa shi ya wanke hannu da ruwa da sabulu, kada ya wanke da fetur. Yaran gareji su ne suka fi shiga wannan haɗari, iyayen gidansu su kula.

Wasu suna shafa baƙin mai ga miki, ko ga akuya da jaki masu ƙazuwa. A daina. Dabba tana lasar jikinta, gubar ta shiga cikinta. Ma'aikatan kiwon dabbobi suna da maganin ƙazuwa na gaskiya.

Kada a zuba baƙin mai a kogi, ko a magudanar ruwa, ko kusa da rijiya, ko a cikin lambu. Kaɗan daga cikinsa yana shimfiɗuwa bisa ruwa mai yawa, ya cuci kifi da shinkafa da masu sha. A tara shi cikin galan mai murfi, a bar shi a gareji. Galan da ya taɓa ɗaukar man inji ba ya komawa na ruwan sha ko na man gyaɗa, kome wankin da aka yi masa. Idan yaro ya sha man inji ko fetur, kada a sa shi amai, domin man yana iya shiga huhunsa. A kai shi likita nan da nan, a tafi da galan ɗin domin ma'aikacin lafiya ya ga abin da ya sha.

Aikin gida: Wani mai lambu a Sagiya yana ban ruwa awa 5 kowace rana. Ya canza man injinsa ranar 1 ga Disamba. Wace rana ce awa 100 za ta cika masa? Ku rubuta amsar a littafinku, ku nuna wa malamin aji.