Ranar da na daina hana yara fita tara

Shekara 19 ke nan ina riƙe da alli a makarantun firamare. Na fara a wani ƙauye na ƙaramar hukumar Maiyama, aka mayar da ni Aliero, yanzu kuma ina Jega. A shekarun farko, idan aji ya ishe ni da surutu, sai in ce yau babu mai fita tara. Gani nake na yi dabara, tunda ban taɓa lafiyar ɗan kowa ba. Sai dai duk ranar da na yi haka, darasin da ke biyo bayan tara shi ne mafi wahala: wannan ya mintsini wancan, waccan ta kifa kai a benci, ni kuma maƙogwaro ya bushe. Na daɗe kafin in gane ni ne ke hura wutar da nake ƙoƙarin kashewa.

Wata yarinya 'yar aji uku ce ta fara buɗe mini ido. In ka kira ta gaban allo ka ce ta cire bakwai daga goma sha biyu, sai ta yi tsuru-tsuru tana murza bakin hijabi. Ran nan na iske ta a gindin dogon yaro da ƙawayenta suna carafke. Ta cilla dutse sama, ta kwashi biyu-biyu, ta dawo ta kwashi uku-uku, ta cafe, bakinta kuma yana lissafa abin da ya rage wa kowacce. Har gardama take yi: "Ke a na uku kika faɗi, saura huɗu!" Kashegari na shiga aji da tsakuwa cike da gwangwanin madara. Ba ta zama gwanar lissafi a mako guda ba, amma daga ranar ta fara ɗaga hannu.

Tun daga nan nake tsayawa in kalli yara a fili kamar yadda nake duba littattafansu, na kuma lura kowane wasa da irin aikin da yake yi wa yaro.

Ɗauki dara. Gurabe talatin ake haƙawa a ƙasa, kowa ya riƙe 'ya'ya goma sha biyu, wani da tsinke wani da tsakuwa, in ka jera uku ka ci ɗan abokin karawarka. Yaron da ba ya iya zama minti biyar a aji, sai ka gan shi tsugune rabin awa yana tunanin inda zai motsa, yana kuma hasashen abin da ɗan'uwansa zai yi bayan haka. Haƙuri ke nan, da hangen gaba, da koyon cewa gaggawa tana sa a cinye ka. Masu rubutu kan wasannin duniya sukan danganta dara da Dakarkarin ƙasar Zuru, nan cikin jiharmu ta Kebbi, a Nijar ma ana yin ta. Amma akwai iyayen da za su yi alfahari in an ce ɗansu ya iya cas ɗin Turawa, in kuwa suka gan shi gaban dara sai su ce zaman banza yake.

Langa kuma ta jiki ce. Yaro ya riƙe ƙafa ɗaya ta baya, ya yi ta tsalle da ɗayar, ana ture shi yana turewa, ƙungiyarsa na kare ruwansu har ya kai gida. Ƙashi da tsoka suna samun ƙwari, numfashi yana buɗewa, yaro yana koyon tsayuwa da daidaita jiki. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce yaro daga shekara 5 zuwa 17 yana bukatar aƙalla minti 60 na motsa jiki mai sa gumi a kowace rana. Langa, ƙwallon tsumma, gare, 'yar gala-gala, duk suna biyan wannan bukata ba tare da an kashe ko sisi ba. Hasken waje ma da nasa amfanin. A birnin Gwanzu na ƙasar Sin an ƙara wa 'yan aji ɗaya na wasu makarantu minti 40 a fili kowace ranar karatu, bayan shekara uku aka tarar waɗanda suka kamu da matsalar rashin hangen nesa a cikinsu ba su kai na sauran makarantu ba. A 2015 aka buga wannan bincike.

Wanda aka fi rainawa shi ne wasan kwaikwayon manya: tuwon ƙasa, goyon 'yar tsana, motar kara. Na taɓa zama kusa da wasu yara a Aliero da suka kafa kasuwar albasa da duwatsu. Akwai manomi, akwai dillali, akwai direban da zai kai kaya kudu, har da mai rubuta buhu. Dillalin ya nemi la'adarsa, aka ce ta yi yawa, aka yi ciniki aka daidaita. A minti ashirin na ji Hausa mai tsari da jayayya da sulhu fiye da abin da nake samu a darasin mako guda. Haka gaɗar 'yan mata da tatsuniya da kacici-kacici suke kaifafa harshe da hadda.

To ina lokacin? Yaronmu da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, bayan magariba wataƙila yana allo. Yarinya kuma ga talla, ga ɗiban ruwa, ga rainon ƙanne. Lokacin cire albasa ko yankan shinkafa aji kan ragu sosai. Ba na ƙin ko ɗaya daga karatun nan, kuma na san halin da gidaje suke ciki. Amma dandalin da mu muka tashi a cikinsa a farin wata ya ja baya, ɗan lokacin da ya rage kuma wayar babban yaya ta cinye shi. Wasan waya yana iya kaifafa ido da yatsa, sai dai ba ya sa gumi, kuma ba ya koya wa yaro jiran layi ko haƙuri idan aboki ya yi masa ture. Shi ya sa nake cewa tara ce kaɗai wasan da yara da yawa suka mallaka a yini, malamin da ya ƙwace ta ya ƙwace duka.

Wani uba ya taɓa tare ni a bakin makaranta, ɗansa ya gurɗe a langa. Ya ce, "Malam, karatu na kawo shi ko kokawa?" Na ba shi haƙuri, na ce, "Alhaji, laifin filin ne, akwai rami ban lura ba." Da ya huce har ya yi mini ba'a, wai don na ga muna Aliero, garin masu ɗori, shi ya sa nake sakaci. Tsoronsa gaskiya ne, kuma maganinsa a tsince kwalabe da ƙusa, a cike ramuka, a raba manya da ƙanana, babba ya tsaya yana kallo. Inda na fi jin tsoro shi ne ruwa. Yaran Jega suna son iyo a gulbi da tafkunan fadama, a nan kuwa ake kamuwa da tsargiya, ban da haɗarin nutsewa lokacin damina. Yaron da ya ce yana ganin jini a ƙarshen fitsarinsa, a kai shi asibiti, akwai magani. Ba alamar balaga ba ce kamar yadda wasu suke ɗauka.

Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa 'yancin wasa a sashe na 31 na yarjejeniyar haƙƙin yara ta 1989, daga 2024 kuma ta ware 11 ga Yuni a matsayin ranar wasa. Ni abin da nake roƙon iyaye bai kai nan ba. Tunda Alhamis ba a zuwa allo, a bar wa yaro yammacin ranar, mace da namiji, a ƙofar gida inda ido ke kai wa gare su. A ajina kuwa, wanda ya dame ni da surutu yanzu shi ke zana gidan 'yar gala-gala da haƙa guraben dara kafin sauran su fito, shi kuma zai tattara tsakuwa ya mayar cikin gwangwani idan an kaɗa ƙararrawa.