Darasi: Kuɗin Tallafi Da Nono A Kwanon Yara

Gabatarwa

'Yan'uwa, a ziyarar da muke kaiwa gidaje a Mahuta da ƙauyukan kewaye, sau da yawa muna tambayar iyaye mata abin da yaro ya ci tun safe. Amsar kusan ɗaya ce: koko da safe, tuwon masara da miyar kuka da dare. Cikin yaron ya cika, amma jikinsa bai sami abin da zai gina shi ba. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna cewa wajen yara 6 cikin 10 'yan ƙasa da shekara 5 a Jihar Katsina sun tsumbure, wato tsawonsu bai kai na shekarunsu ba. A wannan darasi za mu duba yadda gwamnatoci ke ƙarfafa masu karɓar tallafi su sayi madara, da abin da mu za mu iya yi.

1. Me ya sa nono?

Kofi ɗaya na madarar shanu, wato kashi ɗaya cikin huɗu na lita, yana ɗauke da wajen giram 8 na sinadarin gina jiki, da kuma kalsiyam mai ƙarfafa ƙashi da haƙori. Masara da dawa suna ba da ƙarfi, amma su kaɗai ba su isa yaro mai girma ba. Kwanaki 1,000 na farko, daga shigar ciki zuwa cikar yaro shekara 2, su ne mafi muhimmanci. Abin da yaro ya rasa a wannan lokaci da wuya a mayar masa da shi daga baya.

2. Yadda ake yi a wani wuri

A Amurka gwamnati tana ba gidajen marasa ƙarfi kati na sayen abinci. A shekarar 2018 aka yi dokar da ta ba da izinin gwada wata dabara: wanda ya sayi madara da wannan kati a wasu kantuna, sai a yi masa rangwame ko a ba shi takardar ƙarin saye. Ba a tilasta wa kowa ba. An dai sauƙaƙa kuɗin abin da ake so mutane su saya.

3. Abin da aka yi a ƙasarmu

A Nijeriya tallafin ya fi zuwa a matsayin kuɗi ko dafaffen abinci. A 2016 gwamnatin tarayya ta soma ciyar da 'yan firamare a kan Naira 70 kowane yaro a rana, ta kuma shirya ba gidaje mafiya talauci Naira 5,000 a wata. A Oktoban 2023 aka ƙaddamar da ba da Naira 25,000 a wata har wata uku. A Janairun 2024 aka dakatar da waɗannan shirye-shirye domin bincike. Wannan ya koya mana cewa tallafi yakan zo, yakan kuma tsaya.

Akwai wani gwaji kusa da mu da ya kamata mu sani. Daga 2013 zuwa 2019, a jihohin Zamfara da Jigawa, ƙungiyoyin Save the Children da Action Against Hunger tare da gwamnatocin jihohin sun riƙa ba mata masu ciki Naira 3,500 a wata, daga baya 4,000, har yaro ya cika shekara 2. Tare da kuɗin ana koyar da iyaye yadda za su ciyar da yara. Da aka bincika, an tarar yaran suna cin abinci iri-iri fiye da dā, tsumburewa kuma ta ragu. Darasin shi ne, kuɗi suna aiki sosai idan sun haɗu da sani.

Ta gefen masu kiwo kuma, a 2024 gwamnatin tarayya ta fito da manufar ƙasa a kan madara, ta kuma kafa Ma'aikatar Bunƙasa Kiwo. Amma saniyar gida irin Bunaji lita ɗaya ko biyu take bayarwa a rana, da rani ma ƙasa da haka. Satar shanu kuma ta kori rugage da yawa daga yankinmu. Shi ya sa nono ya yi tsada.

4. Wace madara za mu saya?

Ba kowane farin abu ne madara ba.

a) Kindirmo shi ne mafi kyau ga yara, domin ana tafasa madarar kafin a bar ta ta yi tsami, ba a kuma cire mata mai ba.

b) Nonon da aka cire wa man shanu yana da amfani, amma a lura da wanda aka tsinka da ruwa. Ruwan da ba shi da tsabta yana kawo gudawa.

c) Ɗanyar madara a tafasa ta tukuna. Ta wurinta ake ɗaukar tarin fuka na shanu da cutar bakkale.

d) Madarar gwangwani mai kauri da zaƙi sukari ne ya yi mata yawa. Wasu garin madara na ƙananan leda kuma man itatuwa aka sa a madadin man shanu. A ba wanda ya iya karatu ya duba rubutun jikin ledar.

e) Jariri ɗan ƙasa da wata 6 nonon uwa kawai zai sha, ko ruwa ba a ba shi. Bayan wata 6 ana iya zuba kindirmo a kununsa, amma a ci gaba da shayarwa har shekara 2.

5. Abin da za mu iya yi

Ba sai mun jira gwamnati ta kawo mana takardar rangwame ba, gama da ruwan ciki ake jan na rijiya. Na farko, ranar da kuɗin tallafi ko na amfanin gona suka shigo, miji da mata su zauna su ware kuɗin nonon yara kafin a taɓa sauran. Na biyu, ƙungiyar mata za ta iya yin irin dabarar Amurka da ƙaramin asusu: uwar da ta kawo kuɗin ludayi biyu domin yaro mai rama, asusu ya ƙara mata ludayi ɗaya. Na uku, gidaje biyar ko shida su haɗu su yi magana da mai tallar nono guda ɗaya wadda suka amince da tsabtarta. Ita ta sami ciniki tabbatacce, mu mun sami nono mai kyau, zumunci da maƙwabtanmu Fulani kuma ya ƙaru. Na huɗu, lokacin da nono ya yi wuya, waken suyan da muke nomawa yana nan. A rage wanda za a kai kasuwa, a yi awara da madarar waken suya, a haɗa da ƙwai da gyaɗa.

Yaron da ƙafafunsa suka kumbura ko ya rame ƙwarai, nono ba zai warkar da shi ba. A kai shi asibiti nan da nan.

Tambayoyi domin tattaunawa

1. A makon da ya wuce, sau nawa yaranmu suka sha nono ko suka ci ƙwai?
2. A gidajenmu, wa ke yanke shawarar yadda za a kashe kuɗin tallafi?
3. Wa za mu ɗora wa alhakin riƙe asusun nono, yaushe kuma za mu fara?