Ga mai son zama kakakin jami'a

Ɗan'uwa na Anka, Gummi ko Bukkuyum, jami'a ma tana buƙatar mai kare mata suna, ko ta Tarayya da aka kafa a Gusau a 2013, ko ta jiha da ke Talata Mafara. Karanci aikin jarida, misali a Jami'ar Bayero, sannan ka yi rajista da NIPR, cibiyar masu hulɗa da jama'a. Ka ƙware wajen rubuta gajeriyar sanarwa da Hausa da Turanci. Ranar da jita-jitar ƙarin kuɗin makaranta ta bazu a WhatsApp, iyaye suna ta kira, tabbatar wurin magatakarda, ka faɗi gaskiya da wuri a rediyo. Ƙarya fure take, ba ta 'ya'ya.