Kaji Masu Shuɗin Ƙwai da Zaɓen Iri

A ƙasar Cile ta Amirka ta Kudu akwai wata irin kaza da a ke kira Arokana. Ɓawon ƙwanta shuɗi ne ciki da waje, amma ɗanɗanonsa ɗaya ne da na sauran kaji. Launin nan gado ne mai rinjaye, ko daga zakara ya fito ko daga kaza.

To, a nan ne mai kiwo kan ruɗe, ya bi launi ya manta da lafiyar iri. Waɗansunsu suna da tuntun gashi kusa da kunne. In an haɗa zakara mai tuntu da kaza mai tuntu, wajen tsako 1 cikin 4 ya kan mutu tun cikin ƙwai. Saboda haka sai mu haɗa mai tuntu da maras shi.

Wajen sa kwanci kuwa, mu zaɓi matsakaicin ƙwai, kamar na giram 50 zuwa 55. Ƙwan fari na sagara ƙaramin tsako ya ke bayarwa. Ƙaton ƙwai kuma sau da yawa gwaiduwa biyu gare shi, da wuya ya ƙyanƙyashe. Kada mu bari kaza ta yi kwancin kwana 21 a banza.