Idan kun shiga ɗakin baje kolin sauti, ku ba kunne lokaci

Jama'ar Rano da Kibiya, musamman ɗalibanmu masu zuwa Legas da Abuja, akwai baje kolin fasahar da babu zane a bango, sai lasifika kawai. Da yawa kan leƙa, su ga ɗaki wayam, su juya. Wannan asara ce babba. Ɗaya daga cikin masu irin wannan fasaha, Emeka Ogboh, haifaffen Inugu, da naɗar hayaniyar Legas ya yi suna, har da kiran kwandastocin danfo, kuma aikinsa ya kai babban baje kolin birnin Benis na Italiya a 2015.

In kun shiga irin wannan ɗaki, ku kashe ƙarar waya, ku dakatar da hira. Ku tsaya ko da minti goma ne, domin irin wannan aiki sannu a hankali yake bayyana. Kada ku kafe wuri guda, abin da ake ji a bakin ƙofa daban yake da na tsakar ɗaki. In an miƙo muku abin sawa a kunne, ku rage ƙara tukuna, kunne ba ya son ganganci.

Ku fara gwadawa tun a gida. Ranar hawan Sallah a fadar Rano, ku ajiye waya, ku ware muryar kakaki daga ta algaita, sannan ku bi tambari shi kaɗai.